Hashimu da Tukunyar Gas ɗin Najaha

Ku gyara zama. Mai ɓarar gyaɗa ta ci gaba da ɓara, labarin Hashimu ba ya hana hannu aiki.

Hashimu mutumin Matameye ne, direban adaidaita, keken nan mai ƙafa uku. Ba mugu ba ne, gara a faɗi wannan tun farko. In ya ga tsohuwa da kaya a ka, zai tsaya ya ɗauke ta kyauta, sai dai kafin ta sauka kunnuwanta sun gaji fiye da yadda ƙafafunta za su gaji. Allah ya ba shi baki, ya kuma ba shi yarda da kai. Ɗan abin nan da ake sawa a tsakaninsu ne bai samu ba.

Kowane rani yakan tafi Kano cin rani, in damina ta kawo kai ya dawo. Sauran maza su dawo da atamfa da takalman yara, shi ya dawo da ilimi. Wata shekara ilimin kiwon tarwaɗa a cikin duro ya kawo, unguwa ta yi kwanaki ba a buɗe taga ba. Bana kuwa da gas ya dawo.

A fadar Cha'ibu mai shayi, inda mazan unguwa ke zama bayan la'asar, nan ya kwance kayansa.

“Na gani da idona,” in ji shi. “Manyan motocin haya da ƙananan adaidaita, ba sa shan isansi, man fetur ɗin nan, ko ɗigo. Iska suke sha. Gas ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, a matse shi cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe. Ga arha, ga ba hayaƙi. Ka tsaya bayan mota da farar riga, ka tashi da farar riga. Buji, fulogin nan na inji, ba ya yin baƙi, inji ya daɗe bai ga makanike ba. Nan da 'yan shekaru, wanda duk aka gani riƙe da kwalbar isansi, yara za su bi shi suna kallo.”

Sa'adu ɗan ruwa-ruwa, wato mai sayar da isansi a kwalabe bakin kwalta, ya ajiye kofinsa. “To ni ina zan nufa?”

“Ka wanke kwalabenka ka koma man gyaɗa. Na gaya maka da wuri don kai nawa ne.”

Abin haushi da Hashimu ke nan, rabin maganarsa gaskiya ce. Isansi ya yi tsada tun da na arha ya daina tsallako iyaka, kuma motocin da ya gani suna nan suna yawo lafiya lau. Amma gas ɗinsu daban ne da na girki, tukunyarsu daban, kuma tasha ta musamman ke cika ta. Cha'ibu ya tambaye shi ko ina irin tashar take a Matameye, ko a Kance, ko a Tsauni.

Hashimu ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. “Gas gas ne. Wanda ya dafa tuwo zai ja keke.”

Da abin ya tsaya a fada, da an sha dariya an watse. Sai dai akwai abin da ke cin Hashimu a rai, wanda bai taɓa kawowa fada ba.

Surukarsa Maryama ta tafi Makka a shekarar. Matarsa Najaha ita ce 'yar farinta, kuma kun san kunyar da ke tsakanin uwa da mijin 'yar fari. Tun da aka ɗaura auren, Maryama ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa juyowa ta yi masa magana baki da baki ba. In ya je gaisuwa, ya durƙusa bayan ƙofa ya gai da ƙasa, ita ta amsa wa bango. Wannan al'ada ce, bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne saƙonnin da take aikowa ta bakin mutane. In ta aika wa wani, sai ka ji “a ce masa ya kyauta.” In nasa ne, sai “a gaya wa mai bakin nan ya kwashe duronsa.” Mai bakin nan, shi ne sunansa a wurinta. Duk burin Hashimu bai wuce rana ɗaya a zo a ce masa, Inna ta ce ka kyauta.

Sai labari ya zo cewa nan da 'yan kwanaki jirgin alhazai zai sauka a Damagaram, kuma sabuwar Hajiya za ta kwana a Kance gidan yayanta, da safe a je a ɗauko ta. Ɗanta Lawali ne zai je da motarsa.

Hashimu ya tare shi a ƙofar masallaci. “Mace ta sauko daga jirgi, ta fito daga ƙamshin Makka, ka cusa ta cikin warin isansi? Ni zan ɗauko ta. Ita ce za ta zama Hajiyar farko da ta shigo Matameye a kan gas.”

Lawali ya ce a'a. Hashimu ya bi shi gida, ya bi shi shago, ya raka shi har wurin aski. Da kan Lawali ya fara ciwo, ga motarsa dama ba ta da mai sosai, sai ya ce ya amince, da sharaɗin a tafi da ƙanwarsu Rashida, don a sami mai kai magana tsakanin direba da fasinja. Rashida kuwa matar aure ce mai 'ya'ya, abokiyar wasan Hashimu tun da ƙanwar matarsa ce, kuma bakinta ya fi almakashin tela kaifi.

Washegari Hashimu ya nufi Dungu wurin abokinsa Sani mai lambun rake, don ya ji cewa masu lambu sun daɗe suna tayar da injin ban ruwa da tukunyar gas ta girki. Ya tarar da inji na ta aiki, tukunyar kuwa tana zaune cikin lambatu, ruwa na bi ta gindinta.

“Me ya sa ka jefa ta a ruwa kamar kwaɗo?”

Sani ya buɗe baki zai yi bayani.

“Bari, na sani,” in ji Hashimu. “Tsoron wuta ne irin naku na ƙauye. A Kano ba a haka.”

Sani ya mayar da rakensa baki ya ci gaba da tauna. Ya ba shi tsohon tiyo da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan tukunya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar gwaji Hashimu ya ari ƙaramar tukunyar da Cha'ibu ke dafa shayi, ya haɗa tiyo, ya ɗaɗɗaure da roba, ya murza makulli. Adaidaita ta yi wata ƙara kamar an harba bindigar maharba. Jakin mai ruwa ya tsinke da gudu, Sa'adu ya rungumi kwalabensa ya shige zauren da ba nasu ba, mai tsire ya kife faranti a kan garwashinsa. Amma da aka sake murzawa, sai inji ya kama, a hankali, sumul, kamar mage na barci. Hashimu ya zaga unguwa ya dawo. Ya cire farar hularsa ya kara a bakin salansa, ya ɗaga wa jama'a, ga ta nan fara tas.

Daga nan kansa ya ƙarasa kumbura. A gaban kowa ya tsiyaye sauran isansin da ke tanki ya miƙa wa Sa'adu, ya ce sadakar bankwana ce. Ya zare tiyon isansin ɗungurungum, ya rataya a ƙusa a fadar Cha'ibu, ya ce a ajiye wa jikoki su ga yadda aka yi wahala a da.

Cha'ibu ya kwance tukunyarsa ya rungume. “Makomar duniya ta nemi tata tukunyar. Wannan ta shayi ce.”

Tukunya ɗaya ce ta rage a tunanin Hashimu, ta Najaha. Babba ce, koriya, da jan ƙyalle ɗaure a hannunta don kada a musanya ta a wurin cikawa. Maryama ce da kanta ta saya mata lokacin da hayaƙin itace ya fara taɓa mata ido. Ranar ɗaukar Hajiya an yi ruwa da asuba, itacen da aka tara don girkin tarba ya jiƙe sharkaf. Najaha ta yi sammako gidan uwarta, ta bar masa saƙo cewa in zai fita ya biya ya sauke mata tukunyar, don da ita za a dafa miya.

Ya ɗauki tukunyar kam. Biyawar ce bai yi ba.

Ya kafa ta a bayan kujera, wurin kaya. Don kada Hajiya ta gane ta, ya ɗauko bargon aurensu mai kauri ya naɗe ta ruf, daga wuya har gindi, kamar jaririn da aka haifa da sanyi.

Rashida ta shiga ta dubi ƙunshin. “Injiniya, wa muke kai wa asibiti?”

“Sirrin aiki ne. Ke dai ki riƙe bakinki da fulas ɗinki.” Da fulas na kunun gyaɗa ta fito, wanda aka dama wa Hajiya.

Zuwa Kance bai yi wuya ba, keke ba nauyi. Tari biyu ta yi a bakin gari, Hashimu ya ce gaisuwa take yi. Da suka isa, Rashida ta shige ciki, shi ya tsaya a waje, mutanen Kance suka kewaye shi, ya shiga karanta musu amfanin gas tun daga farko. Saboda haka bai ga abin da ya faru a cikin gida ba. Hajiya ta buɗe robar zamzam ɗinta ta zuba wa yayanta rabonsa, murfin ya tsage, sai aka juye sauran a wata tsohuwar jarka rawaya irin wadda kowa ke ɗibar ruwa da ita. Aka fito da kaya, akwatuna da buhun dabino da dardumai, aka ɗora, aka ɗaure jarkar a kan rufi.

Hajiya Maryama ta fito cikin farin mayafi, sabon haƙorin Makka na walƙiya. Hashimu ya zube can nesa, ya gai da tayar gaba.

Hajiya ta dubi adaidaita, ta dubi Rashida. “Ki ce masa lafiya lau. Ki kuma tambaye shi, Lawali rasuwa ya yi?”

“Injiniya, Inna ta ce ta yi murna da ganinka,” in ji Rashida.

Suka kama hanya. Rana ta fito bayan ruwa, gonaki sun yi kore, gero ya fara tasowa. Hashimu ya ɗaga murya yana yi wa Rashida bayani, yadda na baya za su ji.

“Kin ji ƙarar inji? Babu. Kin ji wari? Babu. Nan gaba, ƙanwata, daga nan har Agadas ba mai ƙona isansi. Gas na kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu muna ta takawa. Har jirgin Makka da shi zai riƙa tashi.”

“Inna, ya ce har jirgin Makka da gas zai tashi.”

“Ki ce masa na gode Allah da na riga na je.”

Ba a yi nisa ba keke ta fara jan ƙafa. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru a tsakiyar kwalta. Hashimu ya sauka ya duba buji, ya hura tiyo, ya shuri taya. Rashida kuwa ta ce wani sanyi na ratsa mata baya. Ta juya ta ɗaga gefen bargo, sai ga jikin tukunya ya yi fari fat da ƙanƙara, a cikin wannan rana.

“Injiniya, majinyacinka ya sandare.”

Ita tukunyar girki haka take. In aka zuƙe ta da ƙarfi sai ta yi sanyi, in ta yi sanyi sai ta ƙi ba da iska. Shi kuwa ya ƙara mata da bargo, ya hana zafin rana isa gare ta. Hashimu ya taɓa, ya janye hannu, amma bakinsa bai jira kansa ba.

“Wannan ai ƙarin amfani ne. Mota da firiza a haɗe. A Kano sai manya ke da irinta.”

Hajiya ta ɗan waiga. “Rashida, wancan jan ƙyallen kamar na san shi.”

“Jajayen ƙyallaye duk kama suke yi, Inna,” in ji Rashida, tana cizon mayafinta don kada dariya ta kufce.

Hashimu ya yi maza ya rufe. A nan ne lambatun Sani ya faɗo masa a rai, da ruwan da ke bi ta gindin tukunya. Ashe ba tsoron wuta ba ne. Ya dubi hagu ya dubi dama, ba rijiya ba tafki. Idonsa ya sauka kan fulas.

“Kunun Inna ne,” in ji Rashida.

“Aro zan yi.”

“Yaya ake mayar da aron kunu?”

Ya kwarara kunun gyaɗa mai zafi a kan tukunya, ya mayar da bargo, ya murza makulli. Inji ya kama. Hashimu ya gyara hula ya ce dama haka tsarin yake.

“Ki tambaye shi,” in ji Hajiya, “in ta gama da kunu, tuwo take ci da rana?”

Suka ɗan taɓa tafiya, ƙudaje na rakiya. Da kunun ya huce, keke ta sake mutuwa, wannan karon kusa da wata mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Hashimu ya fara turawa wajenta don ya roƙi ruwan zafi. Matar ta hango tiyo, ta shaƙi iska, ta miƙe da matsami a hannu.

“Malam, kai ne na Matameye mai bam? An ba mu labarinka. In ka ƙara taku ɗaya wajen wutata, da man nan zan tarbe ka.”

Ya ja da baya da kekensa, har sai da ya kai gindin wani gawo can nesa da ita.

Suna nan sai ga Sa'adu ɗan ruwa-ruwa a kan babur, ya kai wa wani isansi a Kance yana komawa gida. Ya tsaya, ya gai da Hajiya da ladabi, ya yi mata barka da sauka, sannan ya juyo.

“Injiniya, sadakarka na nan ban taɓa ba. In dawo maka da ita?”

“Ba na buƙata.”

“Ko da yake ta ina za ta shiga? Tiyon na rataye a fada, jikoki na jira.”

Rashida ta kira wayar Lawali har ta gaji, ba a ɗauka ba, yana can ƙofar gida yana shimfiɗa tabarmi. Sa'adu ya ce zai kai saƙo.

“Kai?” in ji Rashida. “Sai ka gama ba wa gari labari kafin ka tuna da Lawali. Matsa in hau.”

Hajiya ta kama gefen zanenta. “Za ki bar ni da wa?”

“Da surukinki, Inna. Ba ya cizo. Yanzu zan dawo.”

Babur ya tafi. Aka bar mutum biyu a gindin gawo, ba mai iya yi wa wani magana. Hajiya na kallon gabas, Hashimu na kallon taya. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Yana ji a ransa cewa in Lawali ya iso ya kwashe Hajiya, shi ke nan, zai mutu yana mai bakin nan.

Ya ɗaga kai sama don ya kai kuka wurin Allah, sai ya ga jarka rawaya a kan rufi, rana ta gasa ta tun daga Kance. Ya taɓa, ɗumi kamar ruwan wankan jego. Ya ce a ransa, ruwan alwala ne, in an isa gida a cika mata da wani. Ya hau kwance igiya.

Hajiya ta gani. Ta yi gyaran murya. Ta sake yi da ƙarfi.

Hashimu ya gaya wa taya, “Allah ya ƙara sauƙi. Murar Makka ce, kowane alhaji da ita yake dawowa.”

Hajiya ta dubi gawo ta ce wa itacen, “Akwai ruwan da ba a taɓawa.”

“Gaskiya ne,” in ji Hashimu ga taya. “Allah ya ƙara ilimi. Wanda ya je ya gani ya fi mu sani.” Ya sauke jarka.

Hajiya ta ɗaga hannu sama. “Ya Allah, ka tsare mini abin da na ɗauko daga nesa.”

“Amin, amin. Yanzun nan kaya za su isa gida, ko tsinke ba zai ɓata ba.” Ya kwaye bargo zuwa gindin tukunya, ya buɗe murfin jarka.

Hajiya ta buɗe baki za ta kira shi. Sunan ya zo har kan harshe, kunyar shekaru ta riƙe shi, sai salati ya fita a maimakonsa. Hashimu ya amsa salatin da murya mai daɗi, yana tsiyaya ruwa a hankali, yana zagaya tukunya, yana wanke kunu, har jarka ta yi sakayau.

Ya murza makulli. Inji ya tashi da wani irin ƙarfi da bai taɓa yi ba.

“Addu'ar sabuwar Hajiya ba ta faɗuwa ƙasa,” ya gaya wa madubi.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da yake bai mayar da bargon ba, rana ta samu tukunya, keke ta yi ta gudu ba tari. A bakin gari suka yi kiciɓis da motar Lawali ta fito ceto, Rashida a gaba. Hashimu ya danna musu oda, ya ɗaga hannu kamar gwamna, ya wuce.

Ƙofar gidan Hajiya ta cika. Mata suka rangaɗa guɗa. Dattawa na zaune a tabarmi, kowa da ɗan kofinsa a hannu, don ba dabino ba ne ya fito da su, zamzam suke jira. Malam Manu limamin unguwa, wanda ƙafa ta hana shi fita tun azumi, shi ma an riƙo shi an kawo. Matan girki suka fito daga ciki, idanu jajur, suna hawaye, sun wuni suna fama da jiƙaƙƙen itace. Najaha na gabansu da muciya.

Da Hashimu ya yi shiru ya sauke kaya, da wataƙila an ɗan jima kafin a gane. Amma ya ga taro. Ya taka kan adaidaita, ya ɗaga jarka sama.

“Jama'ar Matameye, ga Hajiya na kawo muku ba da ɗigon isansi ba. Kuma yau na gano abin da ko mutanen Kano ba su sani ba. Gas da ruwa yake tafiya. Ruwan jarkar nan kaɗai na juye wa tukunya, ku tambayi Hajiya irin gudun da muka yi.”

Motar Lawali ta tsaya a baya. Rashida ta fito, ta dubi jarka, ta dafe ƙirji.

“Yaya Hashimu,” in ji ta, yau ba Injiniya, “wace jarka?”

“Wannan mana. Ta alwala.”

“Zamzam ɗin Inna ne.”

Guɗa ta tsaya a maƙogwaron masu yi. Malam Manu ya dubi kofinsa, ya dubi Hashimu, ya sake duban kofinsa. Najaha ta zagaya bayan keke, ta tsaya a kan koriyar tukunya mai jan ƙyalle, da guntun kunu a wuyanta.

“Baban Anisa,” ta ce wa mijinta a hankali, “mun wuni muna hura jiƙaƙƙen itace, ashe tukunyata yawon buɗe ido ta tafi.”

Hashimu ya buɗe baki. A karon farko a tarihin Matameye, ba abin da ya fito.

Wata tsohuwa ce ta fara motsi. Ta lallaɓa ta shafa jikin tukunya ta shafe fuskarta. Sai ga wata, sai ga wani. Kafin a ce me an janyo bargon, mutum biyu sun kama suna matsewa, ana tara kofuna a ƙasa. Tsohuwar ta kurɓa ta lumshe ido.

“Zamzam ɗin bana da ɗanɗanon gyaɗa ya zo,” in ji ta.

Cha'ibu ya ce daga yau sai a riƙa ce wa tukunyar Hajiya, tun da ta riga liman sha.

Hajiya Maryama ta sauko daga keke. Ta sa Rashida ta karɓo mata jarka, ta girgiza. Akwai ɗan abin da ya rage a gindi, bai fi cikin ludayi ba. Ta sa aka fito da sabuwar randa cike da ruwa, ta yi bismilla ta juye a ciki, kamar yadda ake yi in zamzam ya yi kaɗan mutane sun yi yawa. Aka fara da Malam Manu, aka bi layi, kowa ya samu.

Hashimu ya sauko ya raɓe a ƙarshen layi, ya ari kofi, kansa a ƙasa. Da aka zo kansa, Hajiya ta ɗora hannu a bakin randa. Ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Hashimu.”

Mata suka kama baki. Kofi ya kusa faɗuwa daga hannunsa.

“Naka rabon yana jikin tukunya. Ka sauke wa 'yata abinta, ka kai mata har murhu, in ka so ka lasa a hanya.”

Ya sauke, ya ɗauka a ka, ya ratsa taro ana dariya har da masu riƙe ciki. Daga baya ya dawo ya tura adaidaita zuwa gida da hannu, don ba tukunya ba tiyon isansi. Amma masu kallo sun lura da wani abu. Yana turawa yana murmushi.

Da la'asar sai ga shi a fada, ya zauna ya miƙe ƙafa. Sa'adu ya zaro tiyo daga ƙusa ya ajiye masa a cinya, ya ce jikoki sun yafe.

“Ku yi dariyarku,” in ji Hashimu. “Ranar gas tana nan tafe, da tasharta da doguwar tukunyarta, kuma za ku tuna wanda ya fara. Amma ku gaya mini tsakani da Allah. Shekara nawa ina hawa isansi ina zuwa gaisuwa gidan nan, ta taɓa kiran sunana?”

Kowa ya san ba ta taɓa ba.

“To tafiya ɗaya a kan gas,” ya ɗaga yatsa, “ɗaya tak. A gaban liman. Cha'ibu, zuba mini shayi.”